Agoguna Uku a Motar Babanmu

Jama'a, na san waɗansunku za su yi mamakin ganin zancen waya da fis da baƙin mai a cikin mujallar da aka saba cika ta da waƙoƙi da nazarin karin magana. To, ku yi mini haƙuri. Kowa abin da ya dame shi shi yake kawowa dandali, ni kuwa abin da ya dame ni wata tsohuwar mota ce da mahaifinmu ya rasu ya bar mana, da kuma waɗansu agoguna uku da na ɗaura mata bayan ta koya mini hankali.

Motar Peugeot 504 ce, watau wadda muke kira Fijo, fara, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Baba ya saye ta tun yana aikin gwamnati, a cikinta aka kai ni makarantar firamare, a cikinta kuma aka kai shi asibiti tafiyar da bai dawo ba, a 2019. Da aka zo rabon gado sai Inna ta roƙi arziki kada a sayar, aka yi mata kuɗi aka sa a rabonta. Da yake ni ne ɗan fari, sai makulli ya dawo hannuna.

To, sai dai tsufa ya riga ya cinye abin da ke gaban direba. Maleji ya daɗe da tsayawa. Gejin mai yana aiki ran da ya ga dama. Allurar zafi kuwa tana kwance tun Baba yana da rai, domin wani ya taɓa yanke wayarta garin gyaran wani abu, bai mayar ba. Shi marigayi wannan bai dame shi ba ko kaɗan, gama ya san motar kamar yunwar cikinsa. Da kunne yake jin lafiyarta, da hanci yake gane ta fara zafi, kuma bai taɓa tafiya daga Zariya zuwa Kano ba tare da ya tsaya a Kwanar Dangora ya ɗaga bonet ya leƙa ba. Ni na gaji motar, amma ban gaji kunnen ba.

Cikin watan Fabrairu na 2022 malaman jami'a suka shiga yajin aikin nan da bai ƙare ba sai Oktoba, kowa ya tattara ya koma gida. Zaman banza ya ishe ni, sai na shiga ɗaukar shata da motar, yau 'yan biki, gobe 'yan kasuwa da kayansu, ina tara abin da zan yi rajista in an koma, ina kuma rage wa Inna cefane. Ran nan cikin Afrilu, ana azumi, rana ta take, na ɗauko wani mutum da buhunansa za mu Kano. Mun wuce Kwanar Dangora da kaɗan sai na ji wani ɗan ƙara a gaba, kamar an yi bulala sau ɗaya. Na ce a raina tsakuwa ce. Can sai na ji mota ta rage ƙarfi, na ƙara taka totur, ita kuwa sai wani ƙas-ƙas take yi. Ban ankara ba sai tururi ya turnuƙe gilashi, inji ya mutu da kansa.

Ashe ƙarar nan da na ji fambel ne ya tsinke. Shi kuwa fambel a irin wannan mota shi yake juya famfon ruwa, da fanka, da altaneta mai cajin batir. Da ya tsinke sai ruwa ya daina zagawa, ni kuwa ina ta tafiya da kaya niƙi-niƙi cikin zafin Afrilu. Akwai jar fitilar caji da ya kamata ta kama nan take, amma ƙwanta ya daɗe da mutuwa. Kan injin 504 da alminiyom aka yi shi, gangar jikin kuma da baƙin ƙarfe, in zafi ya wuce kima sai kan ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Da bakanike ya zaro sandar auna baƙin mai, sai ga shi ya koma kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Ba sai na gaya muku abin da gyaran ya ci ba. Kuɗin rajistar da na tara ya tafi kaf, bai isa ba. Inna ta sa aka kai kasuwa ragon da take kiwo domin Babbar Salla. Ba ta yi mini faɗa ba, ko sunana ma ba ta faɗi, da yake ɗan fari ne. Abin da ta ce kawai shi ne, “Shi mai motar shekara nawa yana bin hanyar nan, ban taɓa jin an jawo shi da igiya ba.” Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na ƙudura cewa tun da ba ni da kunnen Baba, to, sai in nemi abin da zan gani da ido. Da motar ta tashi, na sami 'yan kuɗi, sai na shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sayo agoguna uku irin na ƙari, waɗanda ake ɗaura wa mota daga baya. Kowanne da'ira ne mai faɗin milimita 52, wanda shi ne girman da aka fi yi, suna jere a kan wani ɗan faranti mai huji uku. Na farko na zafin ruwa, na biyu na ƙarfin bugun baƙin mai, na uku na ƙarfin wutar batir.

Akwai wani dattijo ɗan rewaya a bayan tasha, abokin marigayi ne, tun ina yaro nake gaishe shi. Da ya ji labari sai ya ce, “Ɗana, kawo ta in ɗaura maka, ba sai ka biya ba.” Na ce, “A'a Baba, ai abu ne mai sauƙi, na gani a YouTube.” Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Karambanin akuya, gai da kura.

Bari in ɗan bayyana yadda abubuwan suke aiki, domin wanda bai sani ba ya gane inda na yi ta tuntuɓe. Shi agogon da ke gaban direba bai san kome ba, saƙo kawai yake jira. Mai aiko saƙon wani ɗan ƙarfe ne kamar babban noti mai hanci, wanda ake ɗaurawa a jikin inji. Na zafi, a cikin hancinsa akwai wani abu da yake tare wa wutar lantarki hanya in yana da sanyi, in ya ɗumama kuwa sai ya riƙa sakar mata hanya, iyakar wutar da ta wuce iyakar hawan allura. Na baƙin mai kuma akwai wata 'yar fata a cikinsa wadda mai yake turawa, ita kuma ta motsa abin da ke rage wutar ko ƙara ta. Na batir shi ba ya bukatar ɗan aike, waya biyu ta ishe shi. Kowane agogo yana son waya mai kawo wuta in an murɗa makulli, da waya mai komawa jikin ƙarfen mota, wadda 'yan rewaya ke kira at, da wayar ɗan aikensa, sa'an nan da wata ta ƙaramar fitilar cikinsa, wadda ake haɗawa da ƙananan fitilun mota domin a gani da dare.

Tuntuɓena na farko a kan na zafi ne. Haƙoran notin da ya zo da agogon irin na Amurka ne, ramin da ke jikin injin kuwa awon Faransa ne, ba su shiga juna. Sai na bi hanya mai sauƙi, na sayo wani guntun bututun alminiyom mai rami a gefe, na yanka babban tiyon sama da ke zuwa lagireto, na sa bututun a tsakani na ɗaure, na murɗa ɗan aiken a ramin. Na ta da mota, na jira, inji ya yi zafi har ba ya taɓuwa, allura ko gezau. Kwana biyu ina zagin wanda ya sayar mini, ashe laifina ne. Ɗan aiken mai waya ɗaya ne, ta jikinsa wuta take komawa ƙarfen mota, ni kuwa na rataye shi tsakanin roba da roba, na kuma naɗe haƙoransa da farin salatif na masu aikin famfo wai don kada ya yi yoyo. Wuta ta shiga, ta rasa ƙofar fita.

Tuntuɓe na biyu shi ne ya kusa raba mu da motar ɗungum. Akwai bangon ƙarfe tsakanin inji da inda mutane ke zama, dole wayoyi su ratsa ta cikinsa. Na sami wani tsohon huji, na zura wayoyina haka nan, ba tare da na sa zoben roba a bakinsa ba. Wutar kuma, da na rasa wayar makulli, sai na jawo ta kai tsaye daga batir, ban sa fis ba, don a ganina agogo ɗan mitsitsi wace wuta zai ci? Kwana huɗu ana lafiya. A na biyar, ina cikin gargadar wani lungu a Tudun Wada, bakin hujin ya gama cin rigar wayar, tagulla ta taɓa ƙarfe. Sai na ji ƙauri, na ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Allah ya taimake ni kan batir ɗin bai ɗauru sosai ba, na yi wuf na ɗaga bonet na fizge shi da hannu. Wayar ta narke tun daga batir har bango, saura ƙiris ta kama sauran wayoyin mota, ga kuma tiyon fetur nan kusa.

Da yamma na tura motar wurin dattijon nan, kaina a sunkuye. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya ɗaga wayar da ta ƙone ya jujjuya, ya ce, “Ɗana, fis ba don agogo ake sa shi ba, don waya ake sa shi. Batirin da yake iya juya inji, in ya sami hanya ba shamaki, mai da waya garwashi ba kome ba ne a wurinsa. Fis ɗan ƙaramin abu ne da aka yi shi don ya mutu a madadin mota.” Sa'an nan ya ce ba zai taɓa ba, ni zan yi da hannuna, shi yana zaune a kan benci yana faɗa.

Haka kuwa aka yi. Ya sa na fara cire kan batir mai alamar ragi, ya ce kullum shi ake fara cirewa, shi ake ƙarasa mayarwa, domin in safana ta goga jikin mota kada ta yi tartsatsi. Muka nemo wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, da 'yar fitilarsa ta gwaji, don kada agogunan su kwana suna shan batir. Muka sa fis mai amfiya 5 daf da inda muka ɗebo wutar. Muka sa zoben roba a hujin, muka zura wayoyin cikin rigar roba, muka ɗaure su nesa da bututun hayaƙi da fanka. Ya hana ni murɗa waya da waya in naɗe da salatif yadda aka saba, ya sa na yi musu dalma. Wayoyin at duka uku muka tara su wuri guda, na kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, sa'an nan na ɗaure. Bututun nan na tiyo shi ma muka ja masa tasa wayar at, nan take allura ta farka.

Na baƙin mai kuwa, wurin da ɗan makunnin jar fitilar mai yake a jikin inji muka kwance, muka sa wani ƙarfe mai baki biyu, makunnin ya koma baki ɗaya, ɗan aiken agogo ya hau ɗayan, muka kuma canja ƙwayayen fitilun da suka mutu. Na tambaye shi amfanin fitila tun da ga agogo. Ya ce ido ba kullum yake kan allura ba, amma jar wuta tana fizgar ido. Sai dai ita fitilar ba ta kamawa sai bugun mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, wajen rabin ba a yawancin motoci, lokacin ɓarna ta riga ta fara. Agogo shi yake nuna maka tun abu yana tafe. Ya kuma gargaɗe ni da irin agogon da ake jawo masa siririn bututu mai ɗauke da man kansa har gaban direba, gama ran da bututun ya fashe, tafasasshen mai ne zai zubo wa mutum a ƙafa. Haka nan ya yaba da na sayo mai auna ƙarfin wuta maimakon irin na dā mai auna yawanta, wanda sai an bi da wutar caji duka ta cikin ɗaki da katuwar waya.

Farantin ma sai da muka yi gardama a kansa. Ni ina so a kafa shi a saman dashbod don abokai su gani. Shi ya ce a ƙasan rediyo, an ɗan karkato shi wajen direba, inda ba zai tare hanya ba, rana ba za ta gasa shi ba, gwiwa kuma ba za ta buge shi ba in an yi birki na gaggawa. Nasa aka bi.

Da muka gama sai ya ce saura karatu, don agogon da ba a san ma'anarsa ba ado ne. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In inji yana aiki ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In kana tafiya ka ga ya faɗo 12, caji ya tsaya, kuma a motar da fambel ɗaya ke juya kome, wannan allura ita za ta fara gaya maka ya tsinke, tun kafin ruwa ya tafasa. Da na ji haka sai na tuna ragon Inna. Zafin ruwa kuwa tsakanin digiri 80 da 95 lafiya ne. Ruwa a tukunya yana tafasa a wajen digiri 100, amma murfin lagireto yana matse shi, ya ɗaga tafasar zuwa kusan 120, saboda haka murfin da robarsa ta mutu shi kaɗai ya isa ya sa mota zafi. Baƙin mai da safe yana bugawa da ƙarfi don yana da kauri, in ya yi zafi ya sauko, in an taka totur ya hau. Ya ce in yi mako biyu ina lura da inda kowace allura take zama, domin sai ka san lafiyar abu kake gane ciwonsa.

Har na shiga mota sai ya dafa ƙofa ya ce, “Abu ɗaya ya rage. Wurin nan da ka sa na zafi bai kwanta mini ba. Shi ɗan aiken abin da ya taɓa hancinsa kawai ya sani. In ruwa ya zube, tiyon sama shi yake fara bushewa, sai ya riƙa auna iska. Ran da ka ga allura ta hau, sa'an nan ta sauko da kanta ba ka yi mata kome ba, kada ka yi murna. Tsaya.” Na ce to, amma a raina na ce tsofaffi dai ba su rasa abin faɗi.

Cikin Maris na 2023 aka yi mana rasuwa a Kano, na ɗauki Inna da ƙanwarta da yara biyu za mu ta'aziyya. Mun wuce Tashar Yari sai na ga allurar zafi ta bar 85 inda ta saba zama, ta haura 95, ta doshi 105. Gabana ya faɗi, na rage gudu. Na duba ta batir, tana nan a 14, watau fambel lafiya. Ina cikin tunanin inda zan tsaya sai na ga ta zafin ta fara saukowa, 100, 90, har 80. Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya, ƙafata ta koma kan totur. A nan ne maganar dattijon ta faɗo mini. Hanya ba gangara ba ce, iska ba ta canja ba, me zai sanyaya inji? Na sauka gefen titi na kashe mota.

Inna ta ce, “Kai, lafiya?” Na ce, “Lafiya lau Inna, ruwa zan duba.” Na leƙa ƙarƙashi, sai ga ruwa yana ɗiga daga tiyon ƙasa, ya tsage daf da inda aka ɗaure shi, ga sawunsa a kan kwalta iyakar ganina. Ban taɓa murfin lagireto ba, don na san tururin da ke ciki yana iya sale wa mutum fuska, ban kuma kwara wa injin ruwan sanyi ba, don kada kan ya tsage. Muka zauna a inuwar wata bishiya fiye da rabin sa'a. Da ya huce na buɗe, lagireto wayam. Na yanke bakin tiyon da ya tsage, na jawo sauran na ɗaure, waɗansu yara suka kawo mana ruwa daga rijiya, muka lallaɓa har Kano. Inji bai yi kome ba. Da muka isa, ina ji Inna tana ce wa ƙanwarta, “Shi ma haka yake yi, sai ya tsaya ya duba.” Ban tanka ba, amma na daɗe ban ji daɗin magana kamar wannan ba.

Da muka dawo na koma wurin dattijon, aka samo ɗan noti mai haƙora iri biyu, aka mai da ɗan aiken jikin kan inji, inda na asali yake. Duk da haka ya ce ko a can in ruwa ya ƙare yana iya ruɗin mutum, saboda haka kada agogo ya hana ni buɗe murfi kowace safiya kafin in ta da mota.

Na san yawancin malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai masu abin hawa ba irin tawa suke ja ba. Motocin da aka yi domin Amurka tun daga 1996, da masu shan fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda in an soka mata 'yar na'ura za ta aiko da zafin ruwa da ƙarfin batir har cikin wayar hannu, ba yankan tiyo, ba huda bango. Yana da kyau a sani kuma cewa allurar zafi ta motoci da yawa na zamani an yi ta ne ta zauna a tsakiya, ba ta motsi sai abu ya yi nisa. Amma sau nawa na shiga motar haya, har da ta gida, na tarar an liƙa baƙin salatif a kan fitilar gargaɗi don tana damun direba? Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya toshe kunnen da kansa fa?

Shawarata ga wanda zai ɗaura irin waɗannan agoguna ita ce ya sa fis, ya sa zoben roba, ya tambayi inda ya kamata ɗan aike ya zauna, kuma in yana da dattijo a bayan tasha kada ya ce masa ya gani a YouTube. Motar tana nan har yanzu, ragon Inna kuma na biya ta a Sallar 2023, ko da yake ta ce bai kai nata ƙiba ba. Allah ya jiƙan mahaifanmu, ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.